Tawadar da Tururi Ba Ya Ci

Tsibirin Jinya, Fabrairu 1954

Zuwa ga taubashina Peniasi, akawun kantin katako, Suva.

Gaisuwa mai yawa gare ka da uwargida Unaisi da yara. Ina fata ruwan bana bai shigo muku ɗaki ba. Ni dai da sauƙi, in ji masu fararen kaya. Sabuwar ƙwayar da suke ba mu ta kwantar da tabon fuskata, har ina duba madubi ba tare da na zagi kowa ba. Hannuwan ne dai suka ƙi jin magana.

Labarin rasuwar mahaifiyata ya iso ni, da labarin yadda 'yan'uwana na jini kowa ya sunkuyar da kai da aka zo kan wanda zai riƙe 'yata Torika, wai 'yar kuturwa ce. Kai kuwa, da kakanka da kakata ne kawai suka fito ciki ɗaya, kai ka shiga jirgi har ƙauye ka ɗauko ta. Ban taɓa zaton zan gode maka a kan wani abu ba, kai da ka cinye mini gasasshen kifi ranar bikin coci ka ce kare ne. To, na gode. Allah ya rufa maka asiri.

Yanzu ga roƙo, kuma roƙon dangi ne, ka san ba a mayar da shi. Alƙalami nake so, mai shan tawada, irin wanda nake riƙewa lokacin ina koyarwa a makarantar mishan. Nawa an ƙone shi da sauran kayana ranar da aka kawo ni. Fensir sai an danna shi, ni kuwa yatsun nan sun daina jin zafi. Sai in yi ta dannawa, ba na sanin na fasa fata sai na ga ja a takarda. Miki a hannun irinmu ba ya tsayawa a fata, ci yake yi har ƙashi. Sabon abin nan da ake kira biro ya ma fi fensir mugunta. Mai shan tawada kuwa da ka ɗora bakinsa a takarda yake zubowa da kansa.

Kada ka sayi mai tsada. Ko da yake wa nake gaya wa? Ka haɗo da tawada kwalba ɗaya.

Peniasi, ba a barin yara su sauka a tsibirin nan. Yarinyar nan ba ta da wata uwa yanzu sai wadda za ta gani a takarda. Ka hanzarta tun yatsun suna nan.

Taubashiyarka,
Salanieta

*

Suva, Maris 1954

Zuwa ga Salanieta mai tsinin baki.

Muna gaishe ki, muna yi miki sannu. Unaisi na fama da haƙori, autanmu ya yi tari ya warke, ni kuma ƙalau. Kifin nan kare ne ya ci, har gobe ina kan bakana.

Torika na nan lafiya, ta shiga makaranta. Ba ta da surutu, ban san inda ta baro bakinki ba. Gwaza ɗaya take ci ta ce ta ƙoshi. Da ɗan akwatinta ta zo, babu komai ciki sai riguna da tsofaffin wasiƙun da kika riƙa aika mata ƙauye, ta ɗaure su da igiyar kwakwa, ba ta yarda kowa ya taɓa. Duk ranar da jirgi ya yi ƙaho a tashar ruwa, sai ki gan ta tsaye a bakin ƙofa tana jiran mai kawo wasiƙa.

Batun alƙalami, na zaga kantuna har takalmi ya ci mini dunduniya. A kantin Turawa an nuna mini mai bakin zinariya, da na ji kuɗin sai na ajiye musu a hankali na fita da baya. A bayan kasuwa, kantin wani ɗan Sin, na sami wannan koren da ke cikin ƙunshin. Bakinsa na ƙarfe ne amma sumul yake, na gwada shi a bayan ambulan bai karce ba. Siriri ne, na mata, ba shi da nauyi ko kaɗan. In za ki ba shi tawada, akwai ɗan ƙarfe kwance a gefensa, ki ɗaga shi da farce, ki tsoma bakin a kwalba, ki mayar. Shi ke nan.

Tawadar shuɗiya ce, ta 'yan makaranta, ita ce mafi araha kuma mai kanti ya yabe ta. Ya ce ko a riga ta zuba, ruwa kaɗai ya isa ya fitar da ita. Na ce ga abin da ya dace da mai kwana a zanen asibiti, kada Sista ta yi miki faɗa.

Yanzu sai ki faɗi cewa taubashinki ya iya sayayya. Muna jiran jirgi.

Peniasi

*

Suva, Mayu 1954

Salanieta,

Gaisuwa. Mu lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Takardunki sun zo, tawa da ta Torika. Na buɗe tawa a shago, ban ga rubutu ba sai shuɗi malale daga sama har ƙasa, takardar duk ta yi yaushi ta kumbura. Haba Salanieta! Wane irin kuka ne wannan? Na san abin da zafi, amma in za ki yi kuka ki ture takarda gefe ki gama tukuna. Ke da ko ranar da aka sa ki a jirgi ba ki bari an ga hawayenki ba.

Na ɗaga ta a hasken taga, abin da na iya tsinta bai wuce sunana ba, da sunan yarinya, sai can ƙasa inda kika ce kada in gaya mata. Sauran ya narke. Na ɗauka nufinki kada in gaya mata takarda ta zo a wannan hali, don haka na yi shiru.

Sai ga abin da ba na so in rubuta. Na ajiye su a kan kabad, Unaisi ta gani. Ta ce mini, "Baban yara, wannan ba hawaye ba ne. Ruwan miki ne. Ka kawo mini ruwan miki cikin gidan da nake da goyo?" Na ce mata ta tsaya mu yi magana. Kafin in rufe baki ta sa itace biyu ta ɗauke su ta jefa a murhu. Kada ki riƙe ta a zuci. Ita ke yi wa Torika kitso, ita ke wanke mata kaya, tsoro ne kawai irin na mai 'ya'ya.

Yarinyar ta tambaye ni da yamma, "Kawu, jirgin bai zo da komai ba?" Na ce bai zo da komai ba. Sai ta je ta ɗebo ruwa.

Ki daure ki sake rubutawa, a bushe.

Peniasi

*

Tsibirin Jinya, Yuni 1954

Peniasi,

Ina gaisuwa, don an koya mini a fara da gaisuwa. Ba ni da lafiya, kuma kai ne dalili.

Kuka? Ni? Wallahi da kana kusa da sai na kwaɗa maka kwalbar tawadar nan a ka. Da na karanta takardarka na rasa gane abin da kake faɗi, don ni na miƙa wasiƙuna tsaf, kowane harafi a zaune. Sai na ja ƙafa har ɗakin bayan ofis wurin tsoho Viliame. Shi ke kula da tukunyar da ake turara duk abin da zai bar tsibirin nan, kaya ko kuɗi ko takarda, don kada ciwon ya bi su. Ya ji bayanina ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malama, duk ilminki? Kowa a nan da fensir yake rubutu. Tawada ba ta shiga tukunyata ta fito da rai." Tururi ne, Peniasi. Ka sayo mini tawadar da ruwa ke wankewa, ka aiko wa mutanen da ake dafa wasiƙunsu!

Abin da na ce kada ka gaya mata, batun yatsuna ne. Shi kaɗai. Kai kuma ka dubi idon yarinya ka ce uwarta ba ta aiko komai ba. Shafi huɗu na yi mata. Na ba ta labarin kaguwar da ke zuwa satar sabuluna.

Alƙalaminka na mata kuwa, sirantarsa ta sa ba na iya kama shi, sulɓewa yake yi. Ɗan ƙarfen da ka ce in ɗaga da farce, ina farcen? Da haƙori nake ɗagawa, leɓena ya yi mako yana shuɗi, matan ɗakinmu suna ta yi mini dariya.

Da fensir nake rubuta wannan, ka gani ai. Jan da ke gefe, wannan karon ka gaya wa Unaisi jini ne na gaske, amma ya sha tururi, ba zai yi wa goyonta komai ba. Ba na fushi da ita. Ba zan aika wa Torika takarda mai jini ba, shi ya sa babu tata a ciki. Ka ce mata ina lafiya, tata na hanya.

Ka nemo tawadar da ba ta tsoron ruwa, da alƙalami mai kauri. Ko mummuna ne.

Salanieta

*

Suva, Yuli 1954

Taubashiyata,

Ina gaisuwa da kunya. Na karanta takardarki a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ba ni da bakin kare kaina. Don Allah kada ki sake taɓa fensir, ko don ki zage ni.

Na je wurin wani abokina da ke aiki inda ake rubuta haihuwa da mutuwa. Ya nuna mini tawadar da suke amfani da ita. In an rubuta shuɗiya ce mai haske, in ta kwana sai ta koma baƙa ta kama takarda. Na sayo irinta. Ban yarda da bakin kowa ba wannan karon: na rubuta sunanki a takarda, na bari ta kwana, na ɗora ta a bakin butar shayi tana tafasa har takardar ta yi laushi. Unaisi na kallona tana cewa na haukace. Sunanki bai motsa ba.

Aibinta ɗaya, tana cin bakin ƙarfe mai araha, tsatsa take sa shi. Sai a riƙa ɗauraye shi da ruwa duk mako. Ki sa wata ta riƙa yi miki.

Alƙalamin baƙi ne, kauri kamar rogo, ya daɗe a kanti babu mai so. Ba shi da ƙarfen ɗagawa, gindinsa ake murɗawa, da tafin hannu ma za ki iya. Murfin yana da tauri, na goge shi da takardar yashi ta shagonmu har ya saki.

Ki yi sauri, Salanieta. Wata yarinya a ajinsu ta ce wa Torika duk wanda aka kai tsibirin nan ya mutu, ɓoyewa kawai manya ke yi. Na ce mata ƙarya ne, ga takarda uwarki ta aiko mini. Ta ce in nuna mata. Yaya zan nuna mata wannan takardar? Na ce na bar ta a shago. Ta dube ni irin kallon da kike yi wa mutum.

Ta daina tsayawa a bakin ƙofa.

Peniasi

*

Tsibirin Jinya, Nuwamba 1954

Peniasi,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da girman haruffan.

Jirgin ya lalace, an ja shi gyara, ƙunshinka bai iso ba sai watan jiya. Kafin nan mikin fensir ya shiga ƙashi. Likita ya cire manuniya da na tsakiya. Babban yatsa na nan amma ya lanƙwashe.

Alƙalamin ya yi. Tawadar ta yi. Ka iya sayayya, na faɗa.

Akosita, mai gadon kusa da nawa, ita ke ɗaure mini shi a hannu da bandeji. Ciwonta a fuska yake, hannunta lafiya. Daga kafaɗa nake rubutu yanzu.

Ga ta Torika, shafi ɗaya. Na yage da yawa kafin wannan. Ka ba ta a hannunta. Na gaji.

Salanieta

*

Suva, Disamba 1954

Salanieta,

Muna gaisuwa, muna jajanta miki. Unaisi ta yi kuka da na karanta mata batun yatsun, ta ce in gaya miki ta saka miki tabarma, za ta zo a jirgi na gaba.

Takardun sun iso baƙi ƙirin, ko ɗigo bai narke ba. Na dawo gida da wuri, na sayo burodi mai sukari, na kira Torika na sa mata tata a hannu. Na so ki ga fuskarta kafin ta buɗe. Gara dai da ba ki ga bayan nan ba.

Ta karanta har ƙarshe. Sai ta tashi ta buɗe akwatinta, ta kwance igiyar, ta shimfiɗa tsofaffin wasiƙunki a tabarma, ta ajiye sabuwar a gefensu. Ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Kawu, wannan ba Nana ba ce." Har yanzu Nana take ce miki.

Na ce, "Ke, wace irin magana ce wannan? Ga sunanta a ƙasa."

Ta ce, "Nana ba ta barin harafi ya hau kan ɗan'uwansa. Ta taɓa sa ni sake shafi guda don wutsiyar harafi ɗaya ta karkace. Wannan rubutun 'yan aji ɗaya ne. Kai ka rubuta da hagu."

Na rantse mata. Unaisi ta rantse mata. Ta ce to don me tawadar ta yi kama da wadda ta ga ina gwadawa a bakin buta? Kin ji inda wayona ya kai ni. Daga nan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "In ta mutu ku gaya mini, ai na girma. Ku daina wasa da ni." Ta tura mini takardar, ta ɗaure sauran, ta fita. Tun ranar ba ta cin abinci tare da mu. Jiya malaminsu ya aiko cewa tana zaune a aji ba ta rubuta komai.

Ki sake mini baki in gaya mata gaskiyar hannunki. Ba ni da wata hanya. Yarinyar tana ramewa a gabana.

Peniasi

*

Tsibirin Jinya, Janairu 1955

Taubashina,

Gaisuwa gare ku duka, da godiyar tabarma, a kanta nake zaune. Kada ka yi mamakin kyawun rubutun, Akosita ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa.

Ban sake maka baki ba. A makaranta ana ce mata 'yar kuturwa, a ƙauye an ƙi ta. Abin da ya rage mata da ba wanda ya isa ya taɓa, shi ne uwarta ta fi kowa iya rubutu. Ka gaya mata dungu ne ya yi shafin nan, sai ta kwana tana ƙirga yatsuna, kowane jirgi tana tambayar saura nawa. Shekararta tara, Peniasi. A'a.

Kuma gaskiyarta. Ni na koya mata ta ƙi mummunan rubutu. Da wani yaro ya kawo mini shafin nan a aji, da na mayar masa.

Mishan ɗaya ta koyar da mu ni da Akosita, littafin kwaikwayo ɗaya, hannunmu ya yi kusa. Tun da takardarka ta zo na sa ta a gaba ina horar da ita. Ja wutsiyar ƙasa, rufe cikin, kada ki jingina shi. Ta ce ba ta taɓa ganin muguwar malama irina ba, har ta yi barazanar za ta kai ƙarata wurin Sista. Yanzu ta kama.

Ga shafi uku na Torika. Na ce mata wancan karon zazzaɓi nake yi, na roƙi wata yarinya ta rubuta mini, kuma na yi wa yarinyar faɗa a kan ƙazantar rubutun. Ka bi bayan maganata. Ka iya ƙarya ai, kai da kare.

Salanieta

*

Suva, Fabrairu 1955

Salanieta,

Gaisuwa. Kowa lafiya.

Na ba ta. Ta sake shimfiɗa tsofaffin, ta bi sabuwar da yatsa layi layi. Sai ta ɗago ta ce, "Ka gani, Kawu? Wannan ita ce Nana." Ta karanta wa Unaisi, ta karanta wa yara, ta karanta wa maƙwabciya ta kan shinge. Ta yi dariya a wurin kaguwa mai satar sabulu. Da dare ta cinye kwanonta ta nemi ƙari. Ta ba ni haƙuri da ta ce na yi ƙarya.

Ta ce in gaya miki kada ki sake barin yarinyar can ta rubuta miki, ba ta iya komai ba.

Ni na fita waje na zauna a bayan gida. Ban san ko barka zan yi miki ba.

Amsarta na cikin ambulan.

Peniasi

*

Tsibirin Jinya, Maris 1955

Peniasi,

Gaisuwa. Akosita ce dai ke rubutu. Babban yatsan ma ya tafi ranar Litinin, babu inda za a ɗaura bandeji yanzu. Na bar mata alƙalamin. Ka riƙa aiko tawadar nan in ta ƙare, kada ka canza.

Amsar Torika ta iso. Na sa an buɗe mini ita a kan cinya, na karanta da kaina. Rubutunta ya yi kyau ƙwarai, babu abin gyara.

Ka ce mata na ji, yarinyar can ba za ta sake rubuta mata ba. Ka ce mata na ji daɗi da ta gane hannuna.

Salanieta